Kofin FA na Ingila na 2024/25: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita min

Jama'a na gaji da amsa tambaya iri ɗaya, a gidan kallo a tambaye ni, a waya a tambaye ni, wanda na yi wa bayani jiya shi ne zai dawo yau da ita. Ga su nan na haɗa wuri guda. Dan Allah a karanta har ƙarshe kafin a sake turo min saƙo.

Wai kofin FA da Carabao ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Carabao na ƙungiyoyi 92 ne na manyan rukunai huɗu, Newcastle ce ta ɗauke shi a watan Maris na 2025 bayan ta doke Liverpool 2-1. Kofin FA kuwa ƙungiyoyi sama da 700 ke shiga, har da na ƙauyukan da 'yan wasansu ke da wata sana'ar da rana, kuma tun kakar 1871/72 ake buga shi. Cikin gasannin ƙwallo da ake bugawa har yanzu, babu wadda ta girme shi a duniya.

Wa ya ci na 2024/25?

Crystal Palace. Ta ci Manchester City 1-0 a Wembley ranar 17 ga Mayu 2025, Eberechi Eze ne ya zura ƙwallon a minti na 16 daga bugun da Daniel Muñoz ya kawo masa ta dama. Babban kofi na farko kenan a tarihin ƙungiyar.

Ai sa'a ce kawai ta kai su ko?

Wannan maganar tana ɓata min rai. Ku je ku duba hanyar da suka bi: Stockport 1-0, Doncaster 2-0, Millwall 3-1, Fulham 3-0 har gidanta, Aston Villa 3-0 a wasan kusa da na ƙarshe, sannan City. Wasa shida, ƙwallo ɗaya tak aka zura musu a raga. Villa ɗin nan fa a kakar ce ta kai kwata fainal a Kofin Zakarun Turai, amma Ismaïla Sarr ya zuba mata biyu. Kocin Palace na lokacin, Oliver Glasner, ya san abin da yake yi, ya tare baya da mutum uku, ya bar wa abokin karawa ƙwallo ya yi ta yawo da ita, da an ƙwace sai a gudu. City ta fi riƙe ƙwallo nesa ba kusa ba a wasan ƙarshe, toh sai me, kofin a kudancin Landan ya kwana.

Me ya sa aka haɗa Arsenal da Man United tun zagaye na uku? Ba maguɗi ba ne?

Ƙuri'a ce. A kofin FA ba a ware manya gefe guda, duk ƙwallayen cikin kwano ɗaya ake zuba su, wanda aka fara zarowa shi ke gida. An tashi 1-1 a Emirates, United da mutum goma bayan jan katin Dalot, golanta Bayindir ya tare fenaritin Ødegaard, sannan suka fitar da Arsenal a bugun fenariti. 'Yan Arsenal ku yi haƙuri, har yanzu ku ne kuka fi kowa ɗaukar kofin nan, sau 14, United na biye da 13.

Wanda ya ci FA yana zuwa Champions League? Kuma in Europa ce, me ya hana Palace buga ta?

Toh wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kai, ku nutsu. Champions League dai a'a, kofin FA ba ya kai kowa can. Tikitin Europa League yake bayarwa. Amma akwai "in dai" da yawa a ciki.

Na farko, in ƙungiyar da ta ci kofin ta riga ta samu gurbin Champions League ta teburin Firimiya, tikitin Europa ɗin ba ya zuwa ga wanda aka doke a wasan ƙarshe, komawa tebur yake yi a ba wanda ke biye. Da can ana ba wanda ya zo na biyu, haka Stoke ta je Turai a 2011 da Hull a 2014, amma an daina. In kuma wanda ya ci kofin yana ƙasan tebur, toh shi zai tafi kuma wani na sama zai ji a jikinsa. A 2024 United ta ƙare ta takwas, ta ci kofin, ta karɓe Europa, Chelsea da ta yi ta shida aka tura ta Conference League, gasar Turai da ke ƙasa da Europa, Newcastle da ta yi ta bakwai ta zauna a gida. Ko faɗuwa daga Firimiya ba ya hana ka, Wigan ta ci kofin a 2013, ta faɗi a satin da ya biyo baya, kuma ta buga Europa tana Championship, wato rukuni na biyu.

Na biyu, cin kofi ba shi ne ƙarshen magana ba, sai UEFA ta yarda ka cika sharuɗɗanta, kuma a nan Palace ta maƙale. Akwai doka cewa ƙungiyoyi biyu da mutum ɗaya ke da ƙarfin faɗa a ji a cikinsu ba za su buga gasa ɗaya ba. Wani attajirin Amurka, John Textor, a lokacin yana da kusan kashi 43 cikin ɗari na Palace, kuma kamfaninsa ne ke riƙe da Lyon ta Faransa, ita ma Lyon ta samu Europa a kakar. In haka ta faru wadda ta fi matsayi a teburin ƙasarta ake bari, Lyon ta shida, Palace ta 12. Palace ta ce Textor ba shi ke juya ƙungiyar ba, ƙuri'arsa ɗaya ce cikin manyan masu hannun jari huɗu kuma shugaban ƙungiyar, Steve Parish, ne ke tafiyar da komai. Textor ma ya sayar da kasonsa ga wani attajirin Amurka, Woody Johnson, daga baya. UEFA ta ce an makara, ranar 1 ga Maris 2025 ce wa'adin gyara irin wannan. Ku lura fa, ranar 1 ga Maris ɗin Palace tana zagaye na biyar ne, ranar ce ma ta buga da Millwall, wa zai ce mata a lokacin ta fara shirin Turai? An ɗan samu fata da hukumar da ke sa ido kan kuɗin ƙungiyoyin Faransa ta kori Lyon zuwa rukuni na biyu saboda bashi, amma Lyon ta ɗaukaka ƙara ta yi nasara. A watan Yuli UEFA ta mayar da Palace Conference League, a watan Agusta kotun wasanni ta CAS ta ƙi karɓar ƙorafinta, kwana ɗaya bayan ta doke Liverpool a Community Shield, wasan buɗe kaka tsakanin mai riƙe da Firimiya da mai riƙe da kofin FA. Nottingham Forest da ta ƙare ta bakwai ita ta hau kujerar Europa.

An zalunce su? A takarda dai dokar tana nan kuma sun wuce wa'adi, ba zan ce UEFA ta ƙirƙiro ta don su ba. Amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba, saboda masu City da Girona, da masu United da Nice, sun buga gasa ɗaya a kakar 2024/25 bayan sun miƙa hannun jari ga wasu amintattu na ɗan lokaci, su sun san za su je Turai tun da wuri kuma suna da lauyoyin da za su shirya takardu. Ƙaramar ƙungiya da ba ta zaci za ta ci kofi ba ita ce dokar ta kama. Don haka in wani ya tambaye ku ko cin FA na kai mutum Europa, ku ce eh galibi, amma a duba tebur, a duba waye mai ƙungiyar.

In an tashi canjaras ba sake wasa ake yi ba?

An daina. Daga kakar 2024/25, tun daga zagayen farko, ƙarin lokaci ne sai fenariti. FA da Firimiya suka yanke haka a Afrilun 2024 saboda wasannin Turai sun ƙaru. Ni ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Ku dubi Tamworth, ƙungiyar rukuni na biyar, ta riƙe Tottenham babu ci har minti 90 a ƙaramin filinta. Da a tsohon tsari ne da sun tafi babban filin Tottenham an sake wasa, kuma a kofin FA raba kuɗin tikiti ake yi tsakanin mai gida da baƙo, kuɗin da zai riƙe irin wannan ƙungiya shekaru. Sai aka shiga ƙarin lokaci, Tottenham ta sako manyanta daga benci, aka tashi 3-0. An sauƙaƙa wa manya, ƙanana suka biya.

Ya aka yi Maguire na United ya ci Leicester da satar gida VAR bai hana ba?

Babu VAR a wasan. A kakar sai daga zagaye na biyar aka fara amfani da shi, wancan zagaye na huɗu ne. Eh satar gida ce ƙarara. Fulham ta fitar da United a zagaye na gaba, Calvin Bassey ne ma ya fara ci, a daina kukan haka nan.

Ba jan kati ya kamata a ba golan Palace ba?

A ganina ya kamata, kuma ba na ɓoye hakan duk da na ji daɗin nasararsu. Dean Henderson ya kaɗe ƙwallo da hannu a wajen da'irarsa lokacin da Haaland ya taho, VAR ya duba ya ce ba damar cin ƙwallo ce bayyananniya ba don Haaland gefe ya nufa. Bayan 'yan mintuna shi Henderson ɗin ne ya tare fenaritin Omar Marmoush. Amma 'yan City ku tambayi kanku me ya sa Haaland ya miƙa wa wani ƙwallon ya buga, kuma kuna da sauran rabin wasa cur ba ku ci ba.

Eze ɗan Najeriya ne?

Iyayensa 'yan Najeriya ne, shi a Landan aka haife shi, Ingila yake buga wa. Masu neman namu na Super Eagles da suka ɗaga kofin nan, ga Kanu da ya ci wa Portsmouth ƙwallon wasan ƙarshe a 2008, ga Iheanacho da Ndidi da Leicester a 2021.

Ai ƙaramin kofi ne, manya ba su damu da shi ba.

Wannan ba tambaya ba ce, kuma ban taɓa jin ta daga bakin wanda ƙungiyarsa ke cikin gasar ba, sai bayan an fitar da mutum yake tuna kofin ƙarami ne. Haba jama'a. Liverpool da ta ɗauki Firimiya a kakar, Plymouth ce ta kore ta 1-0 da fenaritin Ryan Hardie, Plymouth da take can ƙarshen teburin Championship kuma ta faɗi a ƙarshen kakar. Ku ce kocin Liverpool ɗin, Slot, ya sako yara, toh wa ya sa shi? Guardiola na City kuwa bai sako yara a Wembley ba, wasan ƙarshe na uku kenan a jere da ya kai, da De Bruyne da Haaland ya fito, kuma rashin kofin nan ne ya sa City ta gama kakar ba babban kofi karon farko tun 2017. Magoya bayan Palace sun je wasan ƙarshe a 1990 da 2016 United ta mayar da su hannu rabbana, akwai dattawa a filin ranar nan da suka ga duka biyun, suna kuka da hawaye. Kai da kake goyon bayan ƙungiyar da ke ɗaukar kofi duk shekara biyu ba ka san wannan jiran ba, kada ka raina shi.

Yaushe ƙungiyoyin Firimiya ke shiga?

Zagaye na uku, watan Janairu, tare da na Championship, lokacin saura ƙungiya 64. Na League One da League Two tun Nuwamba suke shiga, ƙananan kuma tun Agusta suke ta fafatawa da wuya a nuna su a talabijin.

Gida da waje ake bugawa?

A'a, wasa ɗaya ne. Na kusa da ƙarshe da na ƙarshe duk a Wembley.