Kafin a tashi wasan farko: yadda ake auna ƙungiyoyi a gasar ƙwallon kwando ta kwamfuta

Da zarar sabuwar kaka ta ƙarato a gasar ƙwallon kwando ta kwamfuta, sai musu ya kaure tsakanin manajoji: wa zai ɗaga kofi, wa zai tsaya a tsakiya, wa zai ƙare a gindin teburi. Yawancin masu musun abu guda suke dubawa, wato babbar lambar da manhaja ta liƙa a gaban sunan kowane ɗan wasa. A ganina wannan lambar ce ta fi yaudarar mutane, kuma amsoshin da ke ƙasa za su nuna dalili.

Wai mece ce gasar ƙwallon kwando ta kwamfuta?

Gasa ce da mutane ke riƙe da ƙungiyoyi, amma kwamfuta ce ke buga wasannin. Kai manaja ne. Kai ke zaɓen sabbin 'yan wasa, ka sa hannu a kwantiragi, ka yi musaya da sauran manajoji, ka tsara wanda zai fara wasa da minti nawa zai yi. Bayan haka sai shugaban gasa ya danna, manhaja ta lissafa wasannin mako guda ko fiye cikin ɗan lokaci, sakamako ya fito. Wasu na amfani da NBA 2K, a ɓangaren da a da ake kira MyLeague, yanzu kuma MyNBA. Wasu Basketball GM suke so, wadda Jeremy Scheff ya ƙirƙira, ake kuma buga ta kyauta a intanet. Akwai kuma Draft Day Sports: Pro Basketball ta kamfanin Wolverine Studios.

Galibin irin waɗannan gasa tsarin NBA ta Amurka suke bi: ƙungiyoyi 30, wasa 82 ga kowacce, sannan 16, takwas daga kowane ɗayan yankuna biyu, su shiga zagayen fitar da gwani, inda duk wadda ta riga cin wasa huɗu cikin bakwai ta wuce. Kada a haɗa ta da NBA 2K League da ta fara a 2018. A can mutane ne ke riƙe da madanni suna sarrafa 'yan wasa da hannunsu.

In kwamfuta ce ke buga wasan, me ya rage a yi hasashe a kai?

Da yawa. Manhajar ba ta cewa wanda ya fi ƙarfi shi ne ya ci. Kowane jifa tana ba shi kaso na yiwuwar shiga, sai ta jefa ƙuri'a. Haka take yi wa rauni, haka take yi wa ci gaban yara. Ɗauki ƙungiyar da ƙarfinta na tsaka-tsaki ne, wadda a ƙa'ida ya kamata ta ci wasa 41 cikin 82. Lissafi ya nuna cewa sa'a kaɗai na iya ɗaga ta ko sauke ta da wasa huɗu zuwa biyar a kaka guda, ba tare da an taɓa ko da ɗan wasa ɗaya ba. Wato ƙungiyar da ta ci 46 da wadda ta ci 37 suna iya zama daidai da juna a ƙarfi. Shi ya sa mai hasashen da ya san aikinsa ba ya cewa ƙungiya kaza za ta ci 50 cif. Cewa yake tsakanin kaza da kaza.

Me zai hana a tara lambobin 'yan wasa kawai, wadda ta fi yawa ita ce gwana?

Nan ne yawancin hasashe ke ɓacewa, don haka bari in ɗan daɗe a kansa.

Babbar lambar, wadda a NBA 2K ke tsayawa a 99, dunƙule ce ta ƙananan lambobi masu yawa: gudu, tsalle, ƙarfi, jifan nesa, jifan kusa, raba ƙwallo, tsaro. Lokacin wasa waɗannan ƙananan ne manhajar ke aiki da su, ba dunƙulen ba. 'Yan wasa biyu za su iya zama 80 kowannensu, ɗaya ya samu tasa daga jifan maki uku, ɗayan daga tare ƙwallo a bakin kwando. In ka tara mutum biyar da dukkansu sai da ƙwallo a hannu suke amfani, ƙwallon dai guda ce. Wanda ya saba jifa ashirin a wasa zai koma sha biyu, albashinsa kuma bai ragu ba.

Ko a filin gaske an ga haka. A kakar 2012-13 Los Angeles Lakers ta haɗa Kobe Bryant da Steve Nash da Dwight Howard da Pau Gasol, mutane da dama suka ɗauka kofi ya zo gida. Ƙungiyar ta ƙare da nasara 45 da rashi 37, San Antonio Spurs kuma ta share ta da 4-0 a zagayen farko. Rauni ya taka rawa, shekaru sun taka, rashin dacewar salon wasa ma ya taka. Manhajojin nan duk suna kwaikwayon waɗannan ukun gwargwadon iyawarsu.

Abin da nake ba da shawara shi ne a lissafa da minti. Wasa minti 48 ne, mutum biyar a fili, jimilla minti 240. Ko ka ba taurarinka uku minti 36 kowanne, 108 kawai suka ɗauka. Saura 132, fiye da rabi, su wa za su buga su? Ƙungiyar da ɗan wasanta na bakwai da na takwas ba su iya tsayawa a fili ba, za ta riƙa zubar da ratar da taurarinta suka tara tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Idan na ɗauki ƙungiya zan auna, daga mutum na shida nake farawa in gangara zuwa na tara, sannan in koma sama.

Sakamakon bara fa, ana iya dogara da shi?

Ana iya, amma ba yawan nasara ba. Ratar maki ta fi faɗin gaskiya, wato makin da ƙungiya ke ci a kowane wasa a cire wanda ake ci a kanta. Bill James ne ya fara wannan tunanin a wasan besbol, Daryl Morey kuma ya daidaita shi da ƙwallon kwando. Masu lissafin NBA na ɗaukar kowane maki guda na rata a matsayin kusan nasara 2.7 a kaka mai wasa 82. Ƙungiyar da ke fin abokan karawarta da maki biyar a wasa, nasara 54 ko 55 ake sa ran ta samu. In ka ga wadda ratarta maki guda ce tak amma ta ci 50, to wasannin da aka tashi kusa da kusa ne suka faɗa mata, kuma da wuya hakan ya maimaitu. A hasashen bana sai a sauke ta. Wadda kuwa ratarta ta yi kyau amma nasararta ta gaza, ita ce ya kamata a yi tsoro.

Yaya ake kallon shekarun 'yan wasa?

A tsakanin kaka da kaka manhaja na sake lissafa kowa. Yara 'yan 19 zuwa 24 yawanci hawa suke, ana kai ƙololuwa wajen 27, daga 30 kuma a fara sauka, gudu da tsalle ne ke fara tafiya, jifa da basira su daɗe. Saboda haka lambar da ka gani bara ta riga ta tsufa. Ƙungiyar da manyanta uku suka haura 32 tana iya wayar gari ta rasa ƙarfi sosai ba tare da kowa ya tafi ba.

Akwai kuma lamba ta biyu da ke nuna inda ake tsammanin yaro zai kai. Tsammani ne kawai. A Basketball GM ma da gangan ake ɗan hazo a kan lambobin, gwargwadon kuɗin da ka zuba wa masu farautar 'yan wasa. Manajoji na son su lissafa yaransu kamar duk sun riga sun kai inda aka yi musu alkawari. Wanda ke da yara huɗu masu babbar lambar tsammani, ya ɗauka ɗaya zai yi tsalle, biyu su ɗan motsa, ɗaya ya tsaya cik.

Wane salon wasa ne ke cin kofi a kwamfuta?

Wanda manhajar gasarku ke so. Dean Oliver, masanin lissafin wasanni, ya raba cin wasan ƙwallon kwando gida huɗu: ingancin jifa kashi 40 cikin ɗari, rashin zubar da ƙwallo kashi 25, cafke ƙwallon da ta daki kwando ta dawo kashi 20, samun jifan ƙeta kashi 15. Wannan awon filin gaske ne. Kowace manhaja da nata karkata, kuma shugaban gasa na iya murɗa saiti ya ƙara ko ya rage rauni da gajiya da saurin wasa. Hanyar ganewa ita ce a buɗe tarihin gasar a duba zakarun kaka biyar da suka wuce. Me ya haɗa su? Dogo mai tare kwando? Masu jifan nesa huɗu? Gwanin raba ƙwallo? Duk ƙungiyar bana da ta yi kama da su, a ɗaga ta sama da inda lambobinta suka ajiye ta. In kuma an sauya manhaja ko an taɓa saiti kafin kakar nan, to a rage dogaro da wancan tarihin.

Albashi da damar zaɓen sabbin 'yan wasa, me ya haɗa su da kakar bana?

Su ne ke nuna wanda zai iya gyara kansa a tsakiyar kaka. Ƙungiyoyi biyu na iya farawa da ƙarfi ɗaya, ɗaya tana da sarari a ƙarƙashin iyakar albashi da damar zaɓe a hannu, ɗayar ta cika iyaka ta kuma sayar da zaɓenta na shekaru masu zuwa. Ranar da tauraro ya ji rauni, ta farko za ta nemo madadi, ta biyu sai kallo.

Labarin da ya kamata kowane manaja ya riƙe shi ne na 2013, lokacin da Brooklyn Nets ta karɓi Kevin Garnett da Paul Pierce daga Boston Celtics, dukansu sun manyanta, ta ba da zaɓenta na zagayen farko na 2014 da 2016 da 2018, da damar musayar na 2017. Daga nan Boston ta samu Jaylen Brown a 2016 da Jayson Tatum a 2017, su ne kuma suka ɗauko mata kofi a 2024. A gasar kwamfuta, inda ake iya cinye kaka uku ko huɗu a shekara guda, sakamakon irin wannan ciniki ba ya daɗewa kafin ya iso.

Ƙungiyoyin da ke neman a ci su da gangan fa?

Suna yin haka ne don na ƙasan teburi sun fi samun dama a ƙuri'ar zaɓen sabbin 'yan wasa. Dole a gane su tun farko, domin suna ɓata lissafin kowa. Philadelphia 76ers ta bi wannan hanya a zamanin manajanta Sam Hinkie, har ta ƙare kakar 2015-16 da nasara 10 kacal. A 2019 NBA ta rage ribar yin haka, inda ta ba ƙungiyoyi uku na ƙasa kowacce kashi 14 cikin ɗari na damar samun zaɓen farko. A 2025 ma Dallas Mavericks ce ta ci ƙuri'ar da kashi 1.8. Duk da haka a gasar kwamfuta ba a rasa masu yi. In uku daga cikinsu suka taru a rukuni ɗaya, duk wanda ke yawan haɗuwa da su nasararsa za ta kumbura fiye da ƙarfinsa, sai zagayen fitar da gwani ya tona.

Shi manajan da kansa, ana sa shi a lissafi?

Ni nan nake ba nauyi fiye da yadda yawancin masu hasashe ke bayarwa. Kwamfuta ba ta gajiya, mutum kuwa yana gajiya, aiki na riƙe shi, sha'awa na gushewa. Manajan da ke duba ƙungiyarsa bayan kowane zagaye zai lura ɗan wasansa na jinya ya sake rabon minti, zai ga yaron benci ya fara haske ya ƙara masa, zai amsa tayin musaya kafin wani ya riga shi. Wanda ya ɓace mako uku kuwa, manhaja ce za ta cike masa gurbi yadda ta ga dama. Sai a tambaya: waye ya saba sayar da manyansa da zarar ya sha kashi biyar a jere? Waye ke haƙuri? Waye sabon shiga da bai gama sanin dokokin kwantiragi ba? Ƙungiya mai matsakaicin ƙarfi a hannun mai himma, ina sa ta gaban mai ƙarfi a hannun wanda ba a ganinsa.

To wadda kowa ya yarda ta fi ƙarfi, yaya damarta ta ɗaukar kofi take?

Ƙasa da yadda ake zato. A ce tana da kashi 60 cikin ɗari na cin kowane wasa a kan duk wanda ta haɗu da shi a zagayen fitar da gwani, wanda fifiko ne babba. Damarta ta tsallake karo guda mai wasa bakwai kashi 71 ce. Karo huɗu take buƙata a jere, in aka ninka sai a samu kusan kashi 25. Wato sau uku cikin huɗu wata ce za ta ɗaga kofin. Golden State Warriors ta ci wasa 73 a kakar 2015-16, abin da ba a taɓa yi ba, tana gaba da 3-1 a karon ƙarshe, Cleveland Cavaliers ta juyo ta cinye uku a jere. Dallas ta ci 67 a 2006-07, ta fita a zagayen farko a hannun ƙungiyar da ta zo ta takwas a yankinsu.

Don haka lokacin rubuta hasashe ya fi kyau a kasa ƙungiyoyi rukuni-rukuni maimakon jera su daga 1 zuwa 30: uku ko huɗu da ke da damar kofi ta gaske, waɗanda musaya guda za ta iya kai su wannan sahun, masu fafutukar gurbi na bakwai da na takwas, da masu jiran ƙuri'a. A gaban kowace ƙungiya a rubuta abu ɗaya da in ya faru zai rushe hasashen, ko raunin dogonta, ko yaron da ake jira ya ƙi girma, ko manajan ya sayar da tauraronsa kafin a rufe kasuwar musaya.