Ma'anar "Sub Conditione" a Tsofaffin Littattafan Rajistar Coci

Me waɗannan kalmomi suke nufi?

Mai bin diddigin asalin iyali a littattafan cocin Katolika na Turai yakan tarar da "sub conditione", ko a taƙaice "sub cond.", kusa da sunan wanda aka yi wa baftisma. Latin ne, ma'anarsa "bisa sharaɗi". A koyarwar cocin sau ɗaya ake yi wa mutum baftisma, don haka idan ana kokwanton ko an taɓa yi, ko an yi ta amma ba bisa ƙa'ida ba, sai limamin ya fara da "si non es baptizatus", wato "in ba a riga an yi maka baftisma ba", sannan ya zuba ruwa da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Daga ina kokwanton yake tasowa?

Galibi daga ɗakin haihuwa. Idan jariri ya zo a galabaice, ungozoma takan yi masa baftisma nan take don gudun kada ya mutu ba tare da ita ba, abin da ake rubutawa "ob periculum mortis", Faransawa kuma su ce "ondoyé". In ya rayu aka kai shi coci, limami zai tambayi wane ruwa ta zuba da kalmomin da ta faɗa. Idan ya gamsu, sai ya cika sauran addu'o'in kawai. Idan bai gamsu ba, wanda ba abin mamaki ba ne ga aikin da aka yi cikin ruɗewa, sai ya yi bisa sharaɗi. Haka ake yi wa jaririn da aka tsinta, "expositus", da kuma 'yan Furotesta da suka koma Katolika, musamman a ƙarni na 19.

Katolika ne kaɗai suke da wannan?

A'a. Littafin addu'ar cocin Ingila na 1662 ma yana da irin wannan lafazi.

Me mai bincike zai fahimta?

Kuskure ne a ɗauka baftisma ta biyu ce, ko alamar cewa ɗan ba na aure ba ne. Abin lura shi ne kwanan watan: yana iya yin nisa da ranar haihuwa, kuma idan baligi ne, akwai yiwuwar sunansa yana cikin rajistar wata ɗarika tun yana jariri.