Karɓar karen jan amalanken ƙanƙara da ya yi ritaya: amsar tambayoyin da ake ta maimaitawa

'Yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai Kanada, Alaska, Norway, Suwidin da Finland suna yawan cin karo da hotunan tsofaffin karnukan jan amalanken ƙanƙara waɗanda ƙungiyoyin ceton dabbobi ke nema wa gida. Kullum tambayoyin da suke yi kan karɓar su iri ɗaya ne. Ga amsoshin a wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Zan iya kwance masa igiya ya ɗan yi gudu a fili?

A'a. Da wannan na fara domin ta nan ake asarar su. Iyaye da kakannin karen nan an zaɓe su ne don su miƙe gaba su yi ta gudu ba waiwaye. Wasunsu sun yi tseren karnukan ja na Iditarod a Alaska, daga Anchorage zuwa Nome, tafiyar kusan kilomita 1,600. Kiran sunansa ba zai dawo da shi ba. A watannin farko ka sa masa igiya biyu, ɗaya a abin wuya irin wanda ke ɗan tsukewa idan ya ja baya, ɗaya a ɗamarar ƙirji, domin idan ya firgita yakan zare kansa daga abin wuya na yau da kullum cikin ƙiftawar ido. Shingen gida ya kai mita 1.8, a kuma binne waya ƙarƙashinsa kamar santimita 40, saboda gwanin tono ne.

Wane irin kare ne?

Galibi irin da ake kira haskin Alaska (Alaskan husky) ne, gauraye, siriri, kilo 16 zuwa 27. Mai neman ƙaton kare mai tulin gashi irin na hoton kalanda ya nemi wani wuri.

Me ya sa aka rabu da shi? Ko ciwo gare shi?

Tsufa ne kawai a mafi yawan lokuta. Sukan bar aiki tsakanin shekara 8 da 10, alhali suna iya rayuwa 12 zuwa 15. Gandun dajin Denali na Alaska, alal misali, yana sallamar karnukan sintirinsa ne da sun kai wajen shekara 9, ya ba da su ga gidaje. Akwai kuma 'yan shekara uku ko huɗu da suka ƙi son ja, ko ba su da saurin da ake so. Kada ka ɗauka aikin neman musu gida ƙaramin abu ne. A Whistler ta Kanada, a 2010, an kashe karnukan ja da dama bayan kasuwar yawon buɗe ido ta ja baya, abin da ya sa lardin British Columbia ya tsaurara dokarsa.

Zan iya tahowa da shi Kano ko Maraɗi idan na gama karatu?

Kada ka soma. Masu tuƙa su kan daina sa su gudu mai ƙarfi tun zafi na wajen digiri 15, kai kuma kana maganar garin da ke haura 40 a watan Afrilu. Idan saura shekara biyu ka koma gida, bar wa wani ya karɓe shi.

Ba ma son kare a cikin ɗaki saboda salla da tsarki. Zai iya zama a waje?

Wannan ce tambayar da ba ta da amsa guda. Hukuncin addini dai a nemi malami, ni abin da ya shafi karen zan faɗa.

A zahiri ya fi kowane kare dacewa da waje, tunda a waje ya yi rayuwarsa duka, daure kusa da ɗan akurkinsa na katako. Sai dai akwai abin da mutane ke mantawa: bai taɓa kwana shi kaɗai ba. Cikin karnuka 30 ko 50 ya tashi, yana ganinsu, yana jin numfashinsu, ana ciyar da su lokaci ɗaya. Ka ɗauke shi ka ajiye a bayan gida, kowa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, zai yi ta kuka mai tsawo har asuba, ya tauna katako, ya tona ƙarƙashin shinge. Maƙwabta za su kai ƙara. Wani karen kan saba cikin mako biyu ko uku, wani ba ya sabawa sam, kuma ba a iya ganewa daga hoto. Idan kana da hali, karɓi biyu da suka zauna kusa da juna, wannan ya fi komai kwantar musu da hankali.

Sannan shekaru suna canja lissafi. Sanyin da ya jure yana ɗan shekara biyar yana aiki, yana cin kitse, ba shi zai jure yana 12 da ciwon gaɓoɓi ba. Wasu haskin Alaska ma gashinsu gajere ne, a wurin tsere riga ake sa musu. Idan dole waje ne, akurkin ya zama ƙarami yadda zafin jikinsa zai ɗumama shi, a ɗaga shi daga ƙasa kamar santimita 10 zuwa 15, ƙofar ta ba iska baya, a cika shi da busasshen karan alkama ana canjawa idan ya jiƙe. Bargo ba ya yi: yana shan laima, ya daskare, kare ya kwana a kan ƙanƙara. Kwanon ruwa ya zama mai ɗumamawa da lantarki.

Ka sani kuma ƙungiyoyi da yawa ba za su ba ka ba idan ka ce waje zai kwana, kuma garuruwa da dama sun taƙaita ɗaure kare da sarƙa, sai ka duba dokar naka garin. Kada ka yi musu ƙarya a fom, faɗi gaskiya. Abin da yakan yi wa gidaje irin namu daidai shi ne tsaka-tsaki: gareji mai ɗumi ko ɗan ɗakin ajiye takalma na bakin ƙofa, da ƙyaure gajere da zai hana shi shiga falo da wurin salla, amma yana jin motsin mutane. Kwanonsa daban, soson wanke shi daban. Idan ko wannan bai yiwu ba, kuma kare ɗaya kake so, ina ganin ka haƙura.

Ya yi fitsari a ɗaki, ya ƙi hawa bene. Na yi kuskuren karɓa?

Ba ka yi ba, kwantar da hankalinka. Bai taɓa ganin matattakala, madubi, talabijin ko tayil mai santsi ba. Za ka gan shi ya tsaya cak a bakin ƙofa, ƙafafu a ware, yana rawar jiki. Shimfiɗa masa darduma a hanyar da yake bi. Fitar da shi duk awa biyu zuwa uku, da bayan cin abinci da tashi daga barci, ka ba shi ɗan nama nan take idan ya yi a waje. Yawancinsu suna kamawa cikin 'yan makonni. Duka ko tsawa sai dai su koya masa ɓoyewa.

Muna da kyanwa.

Hali zanen dutse. Da yawansu duk ƙaramin abin da ya ruga farauta ne, kyanwa, zomo ko kaza. Tambayi ƙungiyar ko an gwada shi da kyanwa. In ba a gwada ba, ɗauka ba zai yi ba.

Abinci fa?

A lokacin dogon tsere kare ɗaya kan ƙone kalori 10,000 a rana. Naka yanzu 1,000 zuwa 1,200 sun ishe shi, a raba sau biyu. Daina cusa masa abinci don ka ga siriri ne, haka jikinsa yake, ƙiba kuwa gaɓoɓinsa take kashewa. Canjin abinci a yi shi sannu cikin kwana 7 zuwa 10, in ba haka ba zawo. Idan ya ƙi shan ruwa, dalilin shi ne an saba ba shi ruwa gauraye da romon nama ko kifi. Zuba masa romo kaɗan marar gishiri da albasa, kana ragewa a hankali. Albasa, inabi da cakulan guba ne gare shi, don haka ragowar miyarmu ba tasa ba ce. Tafiya kuma awa ɗaya a rana, safe da yamma.

In aske shi da bazara?

A'a. Gashin hawa biyu ne, yana kare shi daga rana. Sau biyu a shekara yake zubar da na ciki, taje shi kawai.

Me likitan dabbobi zai duba?

Kai shi a makon farko. Haƙora, domin sukan lalace da taunar ƙanƙara da ƙashi. Wuyan ƙafa da kafaɗa. Yanar ido, tsutsar ciki, gwajin jini, allurar ciwon haukan kare, da ko an yi masa fiɗiya. Tabbatar an mayar da rajistar ɗan guntun lantarkin da ke ƙarƙashin fatarsa zuwa sunanka da lambarka. Kuma kada ka ba shi farasitamol ko ibuprofen naka don ka ga yana ɗingishi, suna iya lalata masa hanta da ƙoda.

Ya tsere. Yanzu fa?

Kada ka bi shi da gudu, ƙara masa wuta kake yi. Kira ƙungiyar nan take, sun san halinsa. Ajiye shimfiɗarsa da abinci mai ƙamshi a daidai inda ya ɓace, ka sanar da hukumar kula da dabbobi ta garin, ka kuma roƙi duk wanda ya gan shi ya faɗi wurin da lokacin, kada ya yi yunƙurin kama shi.