Gazalin Uzra da gazalin birni a waƙar Larabci

Gazal shi ne fannin waƙar soyayya a adabin Larabci. A zamanin daular Umayyawa (661–750) ya rabu gida biyu a ƙasar Hijaz: na mutanen ƙauye, wato gazalin Uzra, wanda ke ɗaukaka masoyiya ɗaya da ba a samu ba, da na Makka da Madina, wato gazalin birni, wanda ke ba da labarin haɗuwa yadda take faruwa tsakanin mutane.

Gazalin Uzra

An jingina shi ga ƙabilar Banu Uzra ta yankin Wadil Ƙura, ko da yake ba dukan mawaƙansa ne 'yan ƙabilar ba. Mawaƙin yakan ƙare rayuwarsa a kan mace ɗaya, har sunanta ya manne da nasa: Jamil na Busaina (ya rasu a Masar wajen 701), Kusayyir na Azza (ya rasu wajen 723), Ƙais ɗan Zarih na Lubna, da Ƙais ɗan Mulawwah na Banu Amir, wato Majnunu Laila.

Labaransu kusan tafarki ɗaya suke bi. Saurayi ya ambaci yarinya a waƙa, waƙar ta bazu, iyayenta su ɗauki hakan abin kunya su hana shi aurenta, domin ba shi ita tamkar gaskata tsegumi ne. Sai a aurar da ita ga wani. In ya ci gaba da zagaya gidansu, a kai ƙara wurin gwamna, wani lokaci har a halatta jininsa. Daga nan sai yawon daji, rama da mutuwa. Baitocin ba su cika siffanta jiki ba. Abin da ya cika su shi ne bege, haƙuri, riƙon alkawari da martani ga mai zargi da ɗan tsegumi. Yawancinsu a karin Ɗawil suke. Ƙarfinsu yana cikin naci a kan ciwo ɗaya, kuma nan ne rauninsu, don ita macen ba a cika jin bakinta ba.

Gazalin birni

Jagoransa Umar ɗan Abi Rabi'a ne, Baƙuraishe daga Banu Makhzum, wanda aka haifa wajen 644. Matan waƙoƙinsa suna da yawa, wasunsu a lokacin aikin Hajji ya gan su. Yana gina waƙa da hira, "ta ce, na ce", da 'yar aike da ziyarar dare. A wata sananniyar ƙasidarsa asuba ta riske shi a unguwar masoyiyarsa, sai ita da 'yan'uwanta mata biyu suka lulluɓe shi suka fitar da shi a tsakiyarsu. A nan mata suna magana, suna kishi, suna shirya dabara. Yakan zaɓi kari marar nauyi irin Hafif da Ramal, waɗanda suka yi wa mawaƙan baka irin Ibn Suraij daɗin rerawa.

Saɓani

Yawancin labaran ta hannun marubutan zamanin Abbasiyawa, wanda ya biyo bayan na Umayyawa, suka zo, musamman Abul Faraj Al-Isfahani. Marubucin nan na Masar, Ɗaha Husain, ya yi shakkar ko Majnun ya taɓa wanzuwa.

Tasiri

Sufaye sun ɗauki harshen Uzra suka mayar da shi ga begen Allah da Manzonsa. Burda ta Busiri, wadda ake karantawa sosai a ƙasar Hausa, ta ambaci so irin na Uzra a baitocinta na farko.