Rukunin bayanai da fayil a manyan kwamfutocin IBM

Rukunin bayanai, wanda kamfanin IBM ke kira data set, shi ne ma'ajin da manyan kwamfutocinsa ke zuba bayanai a ciki. Ana yawan ɗaukarsa da fayil abu ɗaya, amma gininsu ya bambanta.

Asali

Sunan ya kafu ne tare da OS/360, manhajar gudanarwa ta kwamfutocin System/360 da IBM ya sanar ranar 7 ga Afrilu, 1964. A wancan zamani da kati mai huji ake shigar da bayanai, kowane kati da gurbi 80. Saboda haka aka gina ma'ajin bisa rikodi, wato guntun bayani guda kamar abin da kati ɗaya ke ɗauka: kafin a rubuta komai, sai an faɗa wa na'ura tsawon kowane rikodi, da ko tsawon tsayayye ne ko mai canzawa, da filin da za a keɓe masa a faifai. Har yau rikodi mai bayit 80 na nan a z/OS, magajin OS/360 na yanzu, gadon katin ne. A faifan IBM samfurin 3390 ana auna filin da zagaye (track) mai bayit 56,664, kuma zagaye 15 ne silinda ɗaya.

Fayil irin na Unix, manhajar gudanarwa da aka fara a cibiyar bincike ta Bell Labs a 1969, jerin bayit ne kawai. Manhajar da ta buɗe shi ita ce ke sanin inda layi ya ƙare.

Suna da iri

Rukunin bayanai ba ya zama cikin folda. Sunansa ba ya wuce haruffa 44, a yanke da ɗigo, kowane yanki bai wuce haruffa 8 ba, kamar SYS1.PARMLIB. Katalog, wato jerin sunayen rukunonin bayanai, shi ne ke nuna faifan da yake. Akwai na jeri, akwai PDS mai ɗauke da mambobi, wato ƙananan sassa masu sunayensu, sai VSAM, mai iya nemo rikodi kai tsaye, da ya zo wajen farkon shekarun 1970.

A manhajojin da aka rubuta da harshen COBOL, fayil shi ne sunan da manhaja ta sani. Umarnin DD na JCL, harshen da ake tsara wa kwamfutar aiki da shi, ke haɗa wannan suna da ainihin rukunin bayanai lokacin aiki. Wannan rabuwa ce ke ba manhaja ɗaya damar karanta ma'aji dabam-dabam ba tare da an taɓa ta ba.

Saɓani

Wasu ma'aikata na ganin bambancin na suna ne kawai, tun da z/VM, wata manhajar gudanarwa ta IBM, ma fayil take cewa. Wasu sun ƙi yarda, saboda gininsu ya bambanta.

A yau

z/OS na da fayilolin Unix, amma zFS, tsarin ajiyar da ke riƙe su, yana zaune ne cikin rukunin bayanai na VSAM.