Me ake nufi da "Keymark" a jikin sola na ruwan zafi?

Makon jiya a unguwar Nima da ke Accra wani ƙanina ya nuna min hoton sola da yake son ɗorawa a saman gida, mai kayan ya ce masa "wannan akwai Keymark fa", shi kuma ya gyaɗa kai kamar ya gane, alhali bai gane komai ba.

Ba sola na lantarki ake nufi ba, wanda muke haɗawa da batir saboda dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Wannan aikinsa ɗumama ruwa kawai, rana ta bugi faranti ko bututun gilashi, ruwan ya yi zafi ya hau tanki da kansa.

Solar Keymark tambari ne na ƙasashen Turai, tun 2003 ake bada shi. Idan kaya na da shi, to an ɗauki irinsa an kai ɗakin gwaji wanda ba na kamfanin ba, an gwada shi da ma'aunin ISO 9806. Kuma gwajin ba wasa ba ne wallahi, sai a bar farantin cikin rana ba ruwa a ciki a ga iya zafin da zai jure, yana tsakiyar zafin nan a watsa masa ruwan sanyi a ga ko gilashin zai tsage, a danna shi da nauyi kamar iska mai ƙarfi, a jefe shi da ƙanƙara ko ƙwallon ƙarfe, sannan a auna yawan zafin da yake kamawa a rubuta. Masana'antar ma ana zuwa dubawa lokaci-lokaci don kar a gwada mai kyau a sayar wa mutane wani.

Matsalar ita ce kowace kasuwa da nata tambarin. Amurka suna da SRCC tun 1980, OG-100 na faranti, OG-300 na injin gaba ɗaya, wato faranti haɗe da tankinsa. Sin suna da Golden Sun, Afirka ta Kudu SABS, Larabawa kuma SHAMCI. Gwamnatoci da yawa ba sa bada tallafi sai kaya na da tambarin da suka yarda da shi, shi ya sa kamfani ɗaya zai biya kuɗin gwaji nan ya sake biya can, kuma a ƙarshe mai saye ne ke ɗaukar nauyin. Don rage wannan aka kafa Global Solar Certification Network, a riƙa amfani da sakamakon gwaji ɗaya a wurare da yawa.

Nan Gana dai Keymark ba dokarmu ba ce, masu faɗa a ji su ne Ghana Standards Authority, hukumar kula da ingancin kaya, da Energy Commission, hukumar makamashi, ga dokar makamashi mai sabuntawa ta 2011. Amma shaida ce mai nauyi in ta gaskiya ce. Sai dai ka kula, tambarin faranti bai shafi tanki ba, na injin duka ma'auninsa daban, EN 12976. Kuma babu satifiket da zai share maka ƙurar hunturu ko ya gyara aikin fulamba da ya ɗora abin yana kallon inuwa.

Sitika kowa zai iya bugawa. Na gaske yana da lambar lasisi da za ka duba a intanet ka ga sunan kamfanin da samfurin. Ƙanin nawa ya nemi lambar, mai kayan ya ce zai turo ta WhatsApp, yau kwana shida.