Mece Ce Ma'anar "Horo a Bakin Aiki"?

A ofisoshin Kaduna in aka ce wane ya tafi horo, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne bita: kwana uku a otal, jaka da biro, alawus, sai takardar shaida. Horo a bakin aiki ba haka yake ba. Ana nufin a koya wa manaja ko jami'in gwamnati dabarun tafiyar da aiki yana kan kujerarsa, kuma matsalar da ke gabansa ita ce darasin.

A ce shugabar wani sashe ta lura fayil ɗin 'yan fansho sai ya kwashe makonni bai fita ba. Ba jarrabawa za a ba ta ba. Da ƙafarta za ta bi fayil ɗin, tebur bayan tebur, daga rajista har ofishin akanta, tana rubuta kwana nawa ya yi a kowane hannu. Duk wata sai ta zauna da takwarorinta biyar ko shida su yi ta jefo mata tambayoyi. Wannan sa hannun na uku, me yake ƙarawa? In darakta ya yi tafiya, wa ke riƙe masa? Ta koma ta gwada gyara, wani watan ta zo da abin da ta gani. Mai horarwa yana gefe, ja-gora ne kawai.

Wani Baturen Ingila, Reg Revans, shi ya shahara da wannan salo, da manajojin mahaƙar kwal ya fara bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Amma duk wanda ya taɓa shiga Panteka, kasuwar maƙera da masu walda ta Kaduna, ba zai ga baƙon abu ba. Maigida ba ya zaunar da yaro ya karanta masa walda, ƙarfe yake miƙa masa. Yaron da ya daɗe kuwa, bayan walda yakan iya ciniki, da lissafin jari, da riƙe na ƙasa da shi. Gudanarwa ke nan, ko da ba a sa mata suna ba.

Ƙasashe irin namu sun fi kowa buƙatar wannan. Tura ma'aikaci ɗaya kwas a waje na cin dala mai yawa, kujerarsa ta zauna ba kowa, ya dawo da misalan kamfanonin da ba su san ɗaukewar wuta ko jinkirin sakin kasafi ba. Abin da ya fi damuna, ilimin a kansa shi kaɗai yake tsayawa, ran da aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da abinsa.

Ba hukumomi muka rasa ba. Tun 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikata na ITF mai hedikwata a Jos, wanda kamfanoni ke zuba wa kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara, kuma wanda ya horar da ma'aikatansa yana iya neman a mayar masa da wani kaso. Akwai ASCON, kwalejin horar da jami'an gwamnati da ke Badagry, wadda aka kafa a 1973. Nan kusa, makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya ta horar da akawuna da jami'an mulkin Arewa tun kafin 'yancin kai.

Sharaɗi ɗaya ne mai wuya: sai oga ya yarda. Shugabar sashen nan mai bin fayil tana iya gano cewa a teburin shi ogan ne fayil ya fi daɗewa. Shi ya sa masu shirya horon na gaskiya suke fara zama da babban sakatare ko mai kamfani, su ji daga bakinsa cewa za a bar ta ta gwada gyaran, kafin su ɗauki sunan kowa.